RA'AYINMU: Kishi Da Riƙon Amana A Labarin Rama

Tun wajen shekarun 1950, sa'ad da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa, jama'armu suka rungume su. Yau a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum ba sai an je sinima ba, samari da matan aure suna kallon fassararsu ta Hausa a cikin waya. Amma kaɗan ne suka san cewa da yawa daga cikin labarun nan na 'yan uba da kishiyoyi suna da tushe a tsofaffin littattafan Hindu guda biyu, watau Ramayana da Mahabarata.

Ramayana waƙa ce mai baiti wajen 24,000, ana danganta ta ga wani masani wai shi Balmiki. Ta ba da labarin Sarki Dasarata na birnin Ayodiya mai mata uku. Ya yi niyyar naɗa babban ɗansa Rama, sai wata baiwa mai suna Mantara ta shiga zuga Kaikeyi, ɗaya daga cikin matan, wai in ɗan kishiya ya hau gado ita da ɗanta Barata sun shiga uku. Kaikeyi kuwa da ma tana ƙaunar Rama, amma zuga ta ci ta. Ta tuna wa sarki alkawari biyu da ya taɓa yi mata, ta ce a kori Rama daji shekara 14, a naɗa ɗanta. Baƙin ciki ya kashe sarki.

To, ga inda darasin yake. Barata, wanda aka yi makircin dominsa, ya ƙi sarautar. Ya bi wansa har daji ya roƙe shi ya komo. Da Rama ya ƙi karya alkawarin ubansu, sai Barata ya ɗauko takalmansa ya ɗora bisa gadon sarauta, ya riƙe ƙasa a matsayin wakili har wa'adin ya cika.

Ba muna cewa a ɗauki addinin wasu ba ne. Mu ma muna da ƙissar Annabi Yusufu da 'yan'uwansa, wadda kowane almajiri ya sani. Abin da muke nunawa shi ne, hasada ba ta da ƙabila, kuma wutarta ba ta ruruwa sai da mai hura ta. Gidaje nawa ne a ƙasar Katagum suka watse bayan rasuwar maigida, 'yan ɗakin nan da na ɗakin can suna jan juna gaban alkali kan gona ko rumfar kasuwa? In an bincika, sau da yawa akwai wata Mantara a bayan ƙyaure.

Saboda haka muna kira ga magidanta su yi adalci tsakanin matansu, su rubuta basussuka da amanonin da ke hannunsu tun suna raye. Mata su rufe ƙofa ga masu kai-kawo da magana. Malamai da masu unguwanni su gaggauta rabon gado kafin gaba ta yi saiwa. Samari kuma, in sun gama kallon rawa da waƙa, su tambayi kansu ko za su iya abin da Barata ya yi wa ɗan'ubansa.

Allah Ya raba mu da hasada, amin.