Kasuwar Canjin Da Ba Ta Da Rumfa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi tsokaci a kan wata kasuwa da ta ɗauke hankalin samari, wato Binance. Kowa ya san 'yan canji na Wapa a Kano: ka kai naira, su ba ka dala, su ci ribarsu. To, ita ma Binance haka take, sai dai a cikin waya ake cin ta, kuma hajarta kuɗin intanet ne, irin su Bitcoin da USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka.

Changpeng Zhao, haifaffen ƙasar Sin wanda ya tashi a Kanada, shi ya kafa ta a 2017. Kafin shekara ta zagayo, ta wuce sauran takwarorinta yawan ciniki. Aikinta shi ne ta haɗa mai saye da mai sayarwa ta ɗauki la'ada, ta kuma ajiye wa mutane kuɗinsu. Har ma takan bar mutum ya yi ciniki da abin da ya ninka jarinsa sau da yawa, wanda in farashi ya juya masa baya, jarin ya tafi ke nan.

Ba na musun amfaninta. A 2021, da Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da irin waɗannan kuɗi, matasa da yawa sun riƙa cinikayya tsakaninsu ta kan Binance, wasu don karɓar ladan aikin da suka yi wa mutanen ƙasashen waje, wasu don tsare ɗan abin da suka tara daga faɗuwar naira.

Amma fa a duba ɗaya ɓangaren. A 2023 kamfanin ya amsa laifin karya dokokin Amurka na hana halatta kuɗin haram, aka ci shi tarar dala biliyan 4.3, Zhao kuma ya sauka daga shugabanci. A 2024 gwamnatin Nijeriya ta tsare jami'ansa biyu, a watan Maris kuma ya rufe duk harkar naira. Ga kuma FTX, babbar abokiyar gasarsa, wadda ta durƙushe a 2022 da biliyoyin dalolin jama'a. Kuɗin da ke banki yana da inshorar hukumar NDIC. Wanda ke irin wannan kasuwa ba shi da ita. Shi kansa Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a 2021, shekara guda bayan haka ya faɗo kusan 16,000. Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, a ganina, ɗalibi ba shi da dalilin zuba kuɗin makaranta ko na jarrabawa a wannan harka. Dokar kamfanin ma ba ta yarda da wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da ya kamace mu shi ne mu dage da lissafi da ilimin kwamfuta, mu san yadda abin yake tafiya tun kafin mu mallaki abin kanmu.

Ku kuma iyayenmu, tsawa kaɗai ba za ta wadatar ba. Ku zauna da mu, ku tambaye mu abin da muke yi da wayoyinmu, ku tuna mana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah Ya sa mu gane, amin.