Mu Daina Kuɗin Goro

'Yan uwa, a watan Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi, jihar Edo, bisa zargin garkuwa da mutane. Muka yi ta kuka, an yi mana kuɗin goro. To ni tambayata: in 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Kurfi, me ya sa muke hararar kowane Bafulatani a kasuwar Dutsin-Ma? Shi ma fa ana kore masa shanu, kuma sahu ɗaya muke sallah. Musulunci bai ɗora wa kowa laifin wani ba. A kamo mai laifin da mai tsegunta masa, a kai kotu. Wanda muka zalunta yau, gobe daji zai ja shi. Allah Ya zaunar da mu lafiya.