Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Jihar New Jersey

Masu girma 'yan majalisa,

A shekarar 2006 majalisarku ta hana shan taba a ofisoshi da gidajen abinci da mashaya, amma ta tsame gidajen caca na Atlantic City, inda har yau ake busa sigari a rubu'in zauren cacar. Ni Musulmi ne, caca haramun ce a addinina, kuma ba kare ta na zo yi ba. Sai dai mai raba karta da mai shara a can 'yan Adam ne masu neman abin sakawa a bakin salati, huhunsu kuma bai fi na ma'aikacin banki da kuka kare juriya ba.

Ku dubi yadda aikin yake. Mai raba karta yana tsaye a bakin tebur, tsakaninsa da mai shan tabar bai wuce miƙa hannu ba. Ba damar ya kau da kai, don idonsa na kan karta da kuɗi. Ba damar ya kore hayaƙin da hannu, kada baƙo ya ji haushi. Mai juna biyu ma haka take yini, haka mai ciwon asma. A rahoton da cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar a 2009 kan gidajen caca uku na Las Vegas, an auna fitsarin masu raba kartar da ba sa shan taba, aka ga sinadarin taba mai haddasa sankara yana ƙaruwa a jikinsu kafin su tashi daga aiki. Shaƙar hayaƙin wani kuwa tana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na sankarar huhu da kashi 20 zuwa 30.

Masu gidajen suna kafa hujja da na'urorin tace iska. Tun a 2006 babban likitan gwamnatin Amurka ya bayyana cewa na'ura ba ta kawar da cutarwar, kuma komai ƙanƙantar hayaƙin yana illa.

Tsoron rasa aiki da wasu ma'aikatan ke yi gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma maƙwabciyarku Delaware ta hana taba a gidajen cacarta tun 2002. Gidan cacar Parx na Pennsylvania da kansa ya ci gaba da hana shan taba bayan annobar korona, bai durƙushe ba. Ku ma kun ɗana: daga Yulin 2020 zuwa Yulin 2021 ma'aikatan Atlantic City sun yi aiki babu hayaƙi, sannan aka mayar musu da shi.

Ma'aikatan sun kafa ƙungiyar CEASE, sun ba da bahasi a gabanku, an je kotu a 2024 ba a dace ba. Maganar tana hannunku. Ku gabatar da ƙudurin toshe wannan kafa a zauren majalisa, a kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, mai son shan tabarsa kuma ya fita waje.