KOGON DUTSE MA ABIN ƘURI'A NE

Ya ku jama'ar Shanga, da na Yawuri, da na Ngaski, manoma da masunta, maza da mata. Mai karatu, ɗaga murya yadda tsofaffin da ke bayan taro za su ji.

A Jihar Bauci, cikin gandun dajin Yankari, akwai waɗansu koguna guda 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Ƙofar kowane ƙarama ce, sai an durƙusa a shiga, a ciki kuwa ɗaki ne sosai. A 1980 wani Bature mai suna Marshall ya bayyana su ga duniya, har a ke kiran su da sunansa. Masu bincike na ganin maɓoya ce ta zamanin farautar bayi. Magidanci ya kan kwashi iyalinsa, malami ya kwashi ɗalibansa, su je su gani, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Kafin su koma gida sun biya mai mota, sun ci abinci, sun sallami ɗan jagora.

To, wani zai ce: "Malam, muna fama da tsadar taki, wa ke ta kogo?" Gaskiyarka. Amma duba Argungu. Tun 1934 a ke bikin kamun kifi, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Ran biki, mai tuwo, da mai tabarma, da mai kwalekwale, kowa ya kan samu rabonsa. Kuɗin baƙo ne a ke sayen takin da shi.

Wani kuma zai ce kogo gidan aljanu ne. Haba jama'a! Ba a kogon Hira aka fara saukar da wahayi ba? Ba a kogon Sauru Manzon Allah (SAW) ya fake ranar hijira ba? Alhazanmu su kan hau dutse da gumi don su gani da idonsu. Ba bauta mu ke kira a je yi ba, ilmi da wa'azi za a ɗauko.

Mu fa mun san zafin rashi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000 daga gidajensu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa. Gungu nawa, kufai nawa, kushewar kakanni nawa ruwa ya ci? Abin da ya nutse ya tafi. Abin da ya saura a tudu, duwatsu, da maɓoya, da tsoffin ganuwa, labarinsu yana bakin dattawan Shangawa, da Gungawa, da Kambari. Duk tsohon da muka binne ba mu rubuta maganarsa ba, mun sake yin wata Kainjin da hannunmu.

Saboda haka ga abin da mu ke cewa a yi.

Na ɗaya, tsaro. Ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Birnin Yawuri a 2021 ba. Ba uban da zai kai 'ya'yansa yawon buɗe ido inda manomi ke tsoron gonarsa.

Na biyu, hanya da jirgin ruwa mai lafiya. Jirgin da ya kife kusa da Wara a 2021 ya bar gidaje da yawa cikin makoki. A hana lodi fiye da ƙima, a ba kowane fasinja rigar kariya.

Na uku, a zauna da hakimai da dagatai, a ƙidaya kowane kogo da kufai, a rubuta tarihinsa da sunan da mutanen wurin suka san shi. Kada mu jira baƙo ya zo ya raɗa masa nasa.

Na huɗu, 'ya'yan wurin su zama 'yan jagora, a koya musu aikin, a ba su fitila. Kogo ba wurin wasa ba ne, akwai maciji, akwai jemage, yaro ba ya shiga sai da babba. Kuɗin ƙofa kuwa a ware wa ƙauyen kasonsa a fili.

Na biyar, a haɗa wannan da bikin Rigata na Yawuri, yadda baƙon da ya zo kallon tseren jirage zai ƙara kwana ɗaya a cikinmu.

'Yan'uwa, duk ɗan takarar da ya shigo garinku, namu ne ko na wasu, kada ku tsaya ga sabulu da atamfa. Ku ce masa ya lissafa wuraren tarihi uku na ƙasar nan. In ya yi ta inda-inda, to wanda bai san inda kakanninku suka ɓuya ba, ina zai san inda ke yi muku ciwo?

Ranar zaɓe a fito da wuri, kowa da katinsa, uwargida da amarya kada a bar kowa a gida. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, amin.