Gawar mota ba ta 'yan gwangwan kaɗai ba ce



A littattafanmu, da mota ta tsufa sai mu sa Alhaji ya sauya sabuwa, shi ke nan. Ba ma tambayar inda tsohuwar ta nufa. A Wurno, Rabah da Goronyo kuwa, daga nan take fara wata rayuwa. Mai walda zai yanke bodin tsohuwar a-kori-kura, ya bar ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya jona doguwar sanda a gaba, ya shimfiɗa katako. Ta zama amalanke, shanu ko jaki su ja.

Mu a ganinmu, sayar da irin wannan gawa ga 'yan gwangwan a kan kilo asara ce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamar Rima zuwa kasuwar Achida yake cinye ribar manomi. Amalanke ba ta shan fetur, kuma tana shiga yashin da mota ke kafewa.

Tana da aibinta, kada mu ɓoye. Yawanci ba birki, ba fitila, ga lodi ya wuce kima. Da dare a titin Sakkwato zuwa Goronyo direba ba ya hangota sai ya zo dab. Gyaran ba tsada: ɗan kyalle mai sheƙi a baya.

Wanda ke neman jigon gajeren labari cikinmu, ya je rumfar mai walda ranar kasuwa, ya ji yadda ake cinikin taya ɗaya.