Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Ladan Sabon Direban Tirela a Amurka

A 'yan shekarun nan labari ya bazu a tashoshin mota da majalisun samari, wai babu sana'ar da ke saurin kawo arziki a ƙasar Amurka kamar tuƙin tirela. Da zarar wani ya ƙetare can ya aiko da hoto yana tsaye gaban wata narkekiyar mota, sai a duƙufa ana lissafin dala ana mayar da ita naira. Lalle sana'ar tana ci da mutane masu ɗimbin yawa, cikinsu har da baƙi 'yan Afirka. Amma kafin mutum ya sayar da gonar gado saboda ita, ya kamata ya san da wane mudu ake auna ladan direba a can.

A ƙasar nan an fi sabawa da albashin wata, sa'an nan a haɗa wa direba da kuɗin hanya duk lokacin da ya ɗauki lodi. A Amurka kuwa, galibin manyan kamfanonin da ke jigilar kaya tsakanin jihohi mil suke ƙirgawa su biya. Watau in taya ba ta juya ba, direba bai ci komai ba, ko da ya wuni a bakin aiki. Saboda haka ladan mako ya rataya ne a kan abu biyu: santi nawa ake biya a kan kowane mil, da kuma mil nawa aka ba mutum ya yi.

Ga misali don mai karatu ya gane. Dala ɗaya santi 100 ce. A ce kamfani ya yi alkawarin santi 50 a kan mil. Wanda ya yi mil 2,500 a mako, ya tashi da dala 1,250 ke nan kafin a cire haraji. Wannan tafiya kuwa ta kai kilomita 4,000, kusan zuwa Kano daga Ikko har sau huɗu. Idan mako na gaba lodi ya yi ƙaranci ya sami mil 1,600 kawai, ladansa ya faɗo dala 800, alhali kwanakin da ya yi nesa da iyalinsa ba su ragu ba. Ashe santi 45 tare da mil 2,600 ya fi santi 55 tare da mil 1,800 auki, ko da yake na biyun ya fi daɗin ji a talla.

Wani zai ce ai sai direba ya ƙara himma, ya haɗa dare da rana. To, doka ta toshe wannan ƙofa. Dokar gwamnatin tarayya ta ce direba ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba a cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki, kuma sai ya huta awa 10 a jere kafin ya sake hawa. Har ila yau ba zai ci gaba da tuƙi ba in ya cika awa 70 na aiki cikin kwana 8, sai awoyinsa sun dawo ko ya yi hutun awa 34. A da, direba da hannunsa yake rubuta awoyin a littafi, wanda ya ga dama ya yi coge. Amma tun daga watan Disamba na 2017 aka wajabta na'urar da ke haɗe da injin mota tana rubutawa da kanta. Duba mota da shan mai da tsayawa kan lodi duk suna cin awoyin nan. Shi ya sa abin da aka saba ambatawa ga direba shi kaɗai bai wuce mil 2,000 zuwa 3,000 a mako ba, kuma sabon shiga ba kasafai yake kai ƙarshen wannan ma'auni ba.

Dalili kuwa a fili yake. Makonnin farko tare da mai koyarwa yake yin su, a kan ɗan lada ƙayyadadde. In an ba shi mota tasa, bai san hanyoyi ba, bai ƙware da shiga da tirela da baya ba, bai san inda zai sami wurin kwana kafin awoyinsa su ƙare ba. Mai raba lodi a ofis kuma ya fi sakin jiki da tsofaffin hannu. Bayan wannan akwai jira, wanda shi ne babban ɓarawon direba. Al'adar kasuwar ita ce awa 2 na farko a wurin lodi ko sauke kaya kyauta ne. A 2018 ofishin babban mai bincike na Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ya kiyasta cewa jiran da ya wuce kima yana rage wa direbobin haya fiye da dala miliyan 1,000 a shekara, yana kuma ƙara yawan haɗari, domin wanda aka ɓata wa lokaci shi ne ke gudu don ya rama.

Wannan tsari yana da asali. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta wajabta ƙarin lada ga ma'aikacin da ya wuce awoyin mako, ta tsame direbobin da ke jigila tsakanin jihohi daga wannan gata. Sa'an nan a 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sassauta ikon gwamnati a kan farashin jigila. Sababbin kamfanoni suka yi ta ɓullowa, gasa ta tsananta, ƙarfin ƙungiyar direbobi ya ragu, ladan direba ya bi sahu. Bisa ƙididdigar hukumar ƙwadago ta ƙasar, matsakaicin abin da direban babbar mota ya samu a 2023 dala 54,320 ne a shekara, watau rabinsu ba su kai haka ba. A ciki mutum zai biya haraji da inshorar lafiya da abincin hanya mai tsada da hayar gidan da ba ya kwana a ciki.

Akwai kuma tarko biyu da suka fi kama sabon shiga. Na farko, kamfanin da ya ce zai koyar da tuƙi kyauta yakan ɗaure mutum da yarjejeniyar yi masa aiki na watanni, in ya tafi kafin wa'adi a bi shi bashin kuɗin makaranta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na biyu, a lasa masa zuma cewa zai zama mai mota ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, sai ya tarar kuɗin mota da man gas da gyara duk daga ladansa ake zare su, wani makon ma a tashi shi ake bi.

Saboda haka wanda ya ƙudura niyya, ya fara tabbatar da cewa yana da izinin aiki, domin bizar yawon buɗe ido ba ta halatta shi ba. Lasin babbar mota daban yake, ƙetare jihohi kuma a ƙa'ida sai mai shekara 21, sa'an nan a 2025 an tsaurara sharaɗin jin Turanci. Kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi mil nawa sababbin direbobin kamfanin suke samu a zahiri, ko ana biyan jira da tafiya ba kaya, ko akwai ƙayyadadden lada a makon da lodi ya yanke, da kuma kwana nawa zai yi kafin ya ga gida. Kamfanin da ya yi ta kewaye-kewaye wajen amsa waɗannan, ya riga ya ba da amsa.

Tuƙi sana'a ce ta mutunci, kuma wanda ya daure shekarar farko ba tare da haɗari ba, ƙofofi sukan buɗe masa. Sai dai iyaye da 'yan'uwa da ke gida su sassauta buri, kada su ɗora wa yaro nauyin da mil ɗinsa ba za su ɗauka ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya, amin.