Filin Kimiyya: In Kaya Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Sau da yawa akan ga kwamfuta tana aiki lafiya lau, amma da zarar an haɗa ta da 'yan'uwanta ta waya sai ta sandare, ko ta mutu farat ɗaya, aikin yini guda ya salwanta. Nan da nan mai ita sai ya ɗora mata laifi, har ya kashe kuɗi wajen sayen wata, alhali kuwa cutar daga hanya take shigowa.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ba ta aika saƙo dunƙule guda, sai ta rarraba shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne da iyakar girmansa. A kan wayar Ethernet iyakar da aka saba ita ce bayit 1,500, bayit guda kuwa kamar harafi ɗaya ne. In ƙunshi ya fi haka akan gutsuttsura shi, a harhaɗa a can inda za shi. Bisa ƙa'idar intanet ta shekarar 1981, duk girmansa ba ya wuce bayit 65,535.

To, cikin 1996 sai aka gano in mugu ya aiko da gutsattsarin da jimlarsu ta zarce wannan adadi, kwamfutoci da yawa sukan faɗi nan take. Dalili kuwa, wurin da suka tanada bai isa ba, sai kayan ya malala ya ɓata abin da ke maƙwabtaka da shi cikin ƙwaƙwalwarsu. An toshe wannan kafa, amma ire-irenta ba su ƙare ba. Yau akwai na'urorin da akan saita su aika ƙunshi mai bayit 9,000. In ya iske katin sadarwa mai aibi, ko manhajar da ke tuƙa katin, sai a koma gidan jiya.

Mene ne abin yi? Da fari zare wayar, ka yi aiki yini guda. In ba ta faɗi ba, ka san inda ɓarawo ke shigowa. Sa'an nan ka mai da kowace na'ura kan 1,500, ka sabunta manhajar katin. In abin ya ƙi, sauya katin, ko ramin da wayar ke shiga a akwatin rarraba layi. Amma fa abu ɗaya za ka riƙa sauyawa, kana rubutawa, don wanda ya sha magani biyar a tare ba ya sanin wanda ya warkar da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.